Daɓen Alhaji Kalilu

"A nan za ka juye! A nan na ce, ba cikin ramin ba!"

Alhaji Kalilu yana tsaye a kan bulo, ya naɗe hannun babbar rigarsa bisa kafaɗa, yana ba leburori umarnin abin da suka riga suka yi. Tun da sassafe ake kwaɓa kankare a bayan gidansa. Leburori suna ɗauko shi a kwanon sarki suna juyewa, Elkana birkila yana bin su da dogon katako yana bajewa. Elkana ba ya son a ce masa birkila. Ya taɓa ɗaukar yashi a wurin ginin wata gada a Zariya, ya dawo Jibiya da hular kwano mai ruwan ƙwai da sunan Injiniya, kuma tun daga ranar bai ajiye ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ramin da ake zagayewa da kankaren shi ne abin alfaharin gidan. Alhaji ya ga irinsa a wani otal a Kano, lokacin da kuɗin fetur suka fara sa mutane mantuwa da sunayen ƙauyukansu. Ya zauna a bakin ruwan ya sha lemo, ya lura da yadda masu kawo abinci ke rusuna wa duk wanda ya zauna a wurin. Bai shiga ba. Bai iya iyo ba, kuma bai ga dalilin da zai sa babban mutum ya tuɓe riga a gaban jama'a ba. Abin da ya fahimta kawai shi ne, masu kuɗin zamani sun daina hawa sama, sun koma haƙa ƙasa. Da ya dawo gida ya sa aka sare darbejiyar da ke bayan gida, aka haƙa rami, aka shafe cikinsa da shuɗin fenti. Shi yana ce masa ful. Mutanen gari, waɗanda ke sayen ruwan sha a hannun 'yan ga-ruwa, suna ce masa kududdufin Alhaji.

An cika shi ranar da aka gama shi. Washegari akuya ta faɗa ciki, aka kwashe ruwan, daga nan sai ƙadangaru suka gaji wurin. Amma daɓen simintin da ke gefensa bai yi zaman banza ba. Hajo, mahaifiyar Alhaji, wadda ya ɗauko daga Gangara ya kai ta Makka ya kuma hana ta komawa ƙauye, ta duba faɗinsa da santsinsa ta ga ba a taɓa yi mata wurin shanya irin wannan ba. Ta shanya kuɓewa, ta shanya barkono, daga baya ta sa aka mirgino mata turmi. Kafin shekara ta zagayo daɓen ya tsattsage kamar dugadugin manomi.

Da ba don Asabar ba, da Alhaji ya bar shi haka. A shekarar nan jiragen ruwa cike da siminti sun toshe tashar Legas, amma a Jibiya mutum zai fi saurin samun matar aure a kan ya sami buhu guda. Wani kamfani mai shigo da shi yana neman dila ɗaya a bakin iyaka, wanda zai sayar wa gari ya kuma tura Maraɗi. Mutum biyu ake magana: Alhaji Kalilu, wanda motocinsa ke kai fetur da atamfa ƙetare, wasu ta bakin shingen kwastan wasu a ɓoye ta bayan Magama, da Alhaji Bawa, mai bene. Baturen kamfanin zai zo ran Asabar. Zai ci abincin rana a gidan Kalilu, ya sha shayi a gidan Bawa, sannan ya zaɓa. Wanda ya samu, shi za a riƙa nufi idan an ce Alhaji a garin nan. Ɗayan kuma sai an haɗa da sunansa.

Alhaji ya riga ya tsara komai. Bature zai zauna a bakin ful, bisa sabon kankare fari tas, ya gane cewa ga mutumin da ya san darajar siminti.

Ana cikin shafe kusurwar ƙarshe sai ga Hajo ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya ta dubi aikin daga wannan gefe zuwa wancan, irin kallon da take yi wa tuwon amarya.

"Shi ke nan?" in ji ta.

"Shi ke nan me, Hajiya?"

"Wanga shafe-shafe. Haka za ku bar shi, ba duka ba komi?"

Elkana ya gyara hularsa. "Inna, ai kankare ba a dukansa. Kimiyya ce. Shi da kansa yake kamawa."

Hajo ba ta dube shi ba. Ɗanta ta tambaya, "Ɗan wa ke magana?"

"Ɗan ƙanen Sarai ne, ta Gangara."

"Ashe. Na san ranar da anka haife shi." Ta zunguri gefen kankaren da sanda, sandar ta lume. "Na farin ma haka kunka yi. Kunka shafa kamar man kaɗe, ga shi ya tsage."

"Turminki ya tsaga shi, Hajiya."

"Daɓen ɗakin uwata, a kai muka yi daka har anka yi mini aure. Ta mutu bai yi tsaga ba."

Alhaji ba ya gardama da mahaifiyarsa a gaban leburori. Ya yi mata murmushin da ya koya a banki, wanda ake yi wa mutumin da ba za a ba shi komai ba. Ya ce zai tafi Katsina sayen kujerun ƙarfe da babbar laima. Abin da yake roƙo shi ne a hana awaki zuwa wurin, in ya ɗan yi ƙarfi a yayyafa masa ruwa. Sai ya shaƙi wani wari mai ɗan tsami da ke tasowa daga manyan randuna da aka jera a gindin katanga. Kwanaki ke nan yana jin sa, yana ɗauka daddawa ce.

"Waɗancan kuma a kawar da su kafin Asabar."

"Kamin Assabar ba ka iske ko ɗigo," in ji Hajo. "Tahi abinka. Bar mini shi."

Ya ji daɗin wannan biyayya har ya ƙara mata kuɗin goro. Ya sallami leburori, ya ce Elkana ya shiga mota, don yana bukatar wanda zai faɗi sunan laimar da Turanci a kanti, ya kuma ɗauke ta. Elkana ya san birkila ba ya barin sabon kankare a ranar da aka zuba shi. Amma bai taɓa zama a gaban Fijo ba.

Sai bayan la'asar suka dawo, kujeru a ɗaure a saman mota, laima ta leƙo ta taga. Sun wuce layin manyan motocin da ke jiran a ɗaga musu shinge, direbobi suna ɗaga wa Alhaji hannu, shi kuma yana amsawa da yatsa ɗaya. Tun daga bakin lungu ya fara jin wani sauti, dum, dum, dum, kamar ƙasa ce ke numfashi. A ƙofar gidansa akwai jakuna a ɗaure. A cikin zaure takalma sun cika ƙasa, irin na tayar mota, duk na mata.

Salmatu matarsa ta tare shi a tsakar gida, hannunta duk man miya.

"Alhaji, kada ka shiga baya."

"Bayan gidana?"

"Daɓe ake."

"Daɓen me?"

Ta matsa gefe, da fuskar wadda ta yi iya nata. A murhu manyan tukwane na tafasa. A jikin katanga an shanya wata fata fara mai baƙin wuya, wadda Alhaji ya sani sarai, don a jikin ragon da ya tanada wa Bature ya bar ta da safe.

Ya zagaya baya. Matan Gangara da na Daddara ne, cike da wurin, Musulmi da masu zuwa coci da waɗanda ba su yanke shawara ba tukuna. Sun yi sahu a durƙushe, zannuwa ɗaure a ƙirji, kowace da madaɓinta na icce, suna dukan kankaren tare suna ja da baya. Wata na tafe a gabansu da ƙwarya da guntuwar tsintsiya tana yayyafa ruwan randunan nan. Sai a lokacin ya gane warin. Makuba ce, jiƙon ɓawon ɗorawa, wadda ake zuba wa daɓen ƙasa don ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Kankaren da ya bari fari-fari ya koma kalar hanta. Ko'ina sawun madaɓi ne, a jere a jere.

"Ku tsaya!" Muryarsa ta fashe. "Ku tsaya, na ce!"

Suka tsaya, na ɗan numfashi guda. Wata doguwar tsohuwa mai tsagar fuska da ke tsakiyar sahu ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi. Sarai ce, kuma ita ke ba da waƙa. Abin da Alhaji ya manta, cikin abubuwa da yawa da ya biya kuɗi ya manta, shi ne wurin daɓe ba wurin maza ba ne. Namijin da ya leƙa, ko hakimi ne, ya zama abin waƙa. Sarai ta buga madaɓi ta ɗaga murya:

"Ga mai rami ya iso, mata,
Ya haƙa rijiya bai sai guga ba,
Ya tara ruwa bai iya wanka ba,
Ku tuɓe mai riga mu koya mai."

"Mu koya mai!" sauran suka amsa, madaɓai suka sauka tare. Wata ta rangaɗa guɗa. Wata ƙatuwa a ƙarshen sahu ta miƙe tana goge hannu a zani, ta nufo shi da gaske. Alhaji ya ja da baya har ya taka kashin akuya.

Elkana ya kutsa gaba, yana ganin ilimi zai yi abin da kuɗi suka kasa. "Gwaggo! Kun kashe kankare! Wannan ruwan zai hana shi kamawa!"

"Elkana," in ji Sarai, ba ta ko daina duka ba, "ni na yanke maka cibi. Kawo kwanon nan na kanka, ƙwaryarmu ta yi kaɗan."

Kafin ya ankara ƙatuwar nan ta cire masa hular. Aka tsoma ta a randa, aka ci gaba da yayyafi da ita. Injiniya ya tsaya da kai tsirara, ya zama ɗan ƙanen Sarai.

Hajo tana zaune a gindin katanga bisa 'yar kujera, tana rarraba goro a faifai. Alhaji ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau za ta fara ba.

"Kai, fita. Maza ba su shiga nan."

"Hajiya, kin san abin da kika yi? Bature zai zo jibi!"

"Don shi na yi. Tun wancan mako na aika gayya." Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta, sai mamakin rashin godiya. "Babban baƙo zai zo maka, in bari ka zaunar da shi bisa shafe? A ce ba ka da uwa?"

Akwai amsoshi da yawa ga wannan tambaya, Alhaji ya duba su duka bai sami wadda ɗa zai iya faɗa ba. Ya juya. Waƙa ta raka shi har zaure, kuma baitin da ya biyo baya ya shafi abin da ruwan sanyi ke yi wa maza, wanda direbobin da ke bakin shinge suka haddace kafin magariba.

Ran Juma'a da safe Elkana ya tsuguna ya danna daɓen da babban yatsa. Yatsan ya bar gurbi.

"Zai kama?" in ji Alhaji.

"Zai kama, ranka ya daɗe."

"Yaushe?"

"To, wannan kam kimiyya ba ta faɗa ba."

Fasa shi a sake zubawa ba zai yiwu ba. Siminti ya ƙare, kuma mutum ɗaya ne a garin yake da shi a ajiye, Alhaji Bawa. Kalilu ya gwammace ya shafe wurin da kashin shanu. Sai ya yi abin da manyan mutane ke yi da abin kunya, ya rufe shi. Aka kwaso dardumar da ya sayo a Makka, da ledar falo, da tabarmin baƙi, aka shimfiɗe gefen ramin kaf. Tankar ruwa ta zo ta cika ful, 'yan ga-ruwa suna tsaye a bakin lungu suna kallon cinikin wata guda yana malala cikin rami. Aka kafa laima, aka jera kujeru, aka yanka kaji a madadin rago. In kuma Bature ya gano, Alhaji ya riga ya shirya jawabi: birkilan ƙauye ne ya cuce shi. Ya gaya wa Elkana haka, don kada abin ya zo masa ba shiri.

Bature ya iso ran Asabar da azahar, da gajeren wando da jajayen gwiwoyi da lofe a baki. A zamanin mulkin Turawa ya yi aikin gona a ƙasar Katsina, aka ba 'yan ƙasa ƙasarsu ya tafi, da kuɗi suka zo ya dawo. Irin Turawan nan ne da suka fi son Bahaushe a kan jaki, ko da yake motar da suke sayar masa ita ke ciyar da su. Hausarsa ta tsofaffi ce. Ya gaida Alhaji, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi shanu da damina da lafiyar dawaki, abubuwan da Alhaji ya rabu da su da gangan.

Aka kai shi baya. Ya dubi ramin ya ce, "Madalla," da muryar wanda aka nuna wa ƙurji. Ya zauna. Alhaji ya zauna a kujerar da ke fuskantarsa, da dukan nauyinsa, ya fara bayanin motocinsa da mutanen da ya sani a Maraɗi. Bature yana gyaɗa kai. Can sai ya cire lofe daga baki, ya ɗaga hanci kamar karen farauta.

"Alhaji, makuba nake ji?"

"Daddawa ce, ranka ya daɗe. Maƙwabta."

"A'a." Bature ya sunkuya ya kama gefen tabarma ya ɗaga.

Alhaji ya rufe ido. Da ya buɗe, Bature yana durƙushe a ƙasa bisa jajayen gwiwoyinsa, ya yaye tabarma biyu da rabin darduma, yana shafa daɓen da tafin hannu. Rana ta sauka a kai. Ja ne mai duhu, yana sheƙi, sawun madaɓai sun hau juna kamar ɓawon kifi.

"Daɓe," in ji Bature a hankali. "Daɓen hannu. Rabona da ganin wannan tun ina saurayi, a wani ƙauye bayan Daddara. Mata suna waƙa, ni ina kan doki daga nesa, don sun ce in na matso za su cire mini wando." Ya yi dariya, sai kuma idanunsa suka kawo ruwa. "Na zaci ya mutu. Ko'ina na je yanzu toka-toka, toka-toka. Wa ya yi wannan tunani?"

Bakin Alhaji ya riga ya buɗe da sunan Elkana. Elkana ma, da ke tsaye a gefe ba hula, ya riga ya sunkuyar da kai don karɓar rabonsa. Amma Alhaji ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa in ya ga hawaye a idon mai saye ya san kaya sun karɓu.

"Ni," in ji shi.

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina. Kowa ya ce na haukace." Ya gyara zama, ya ji maganar tana zuwa masa da sauƙi kamar ya daɗe da ita. "Ai ranka ya daɗe, mu nan mun san ƙasa. Wancan daɓen na farko siminti zalla aka zuba, irin naku ma kuwa, mai tsada. Shekara guda ya tsattsage. Na ce a'a. Na ce a koma wa na iyaye. Daɓen ɗakin kakata, a kai aka yi daka har ta rasu, bai yi tsaga ba."

"Haka ne!" in ji Bature. "Haka ne wallahi!"

"Siminti ai ƙarya ce. Kyan ido kawai. Da rana zafi, da damina santsi. Ni kullum ina gaya wa mutanen garin nan, ku daina zubar da kuɗinku. Ko ba haka nake cewa ba, Injiniya?"

"Kullum," in ji Elkana.

"Matan da suka yi aikin fa? Zan so in gaishe su."

"Wasu tsofaffi ne na ƙauye, na ɗauko su haya. Sai da na tsaya a kansu ina nuna musu. Kai ma ka san mata."

A bakin ƙofar da ke shiga tsakar gida wani labule ya motsa, aka ga ƙarshen sanda a ƙarƙashinsa. Alhaji ya gani, ya kawar da kai.

Bature ya ci kaza da hannu, ya sha fura ya ƙi lemo, duk a zaune a ƙasa, ya ƙi komawa kujera. Da ya gama ya wanke hannu, ya cika lofensa, ya dubi Alhaji da ƙauna irin wadda ake yi wa tsohon gini.

"Alhaji, zan gaya maka gaskiya, don kai mutumin gaskiya ne. Da na taso daga Kano, kai na yi niyyar ba wa. Motocinka sun fi yawa, kuma an ce ka san hanya." Ya busa hayaƙi. "Amma yanzu na ga ba zan iya yi maka wannan zalunci ba."

"Zalunci?"

"In ɗora maka sayar da abin da zuciyarka ta ƙi? Kullum ka tsaya a kanti kana yi wa mutane ƙarya? A'a. Kamfani yana son mutumin da in ya ga ƙasa tsirara ransa ya ɓaci. An ce mini Alhaji Bawa ya shafe gidansa da siminti har gindin mangwaro, mangwaron ya mutu, ya ƙara wani a kan kututturen."

"Ya yi haka," in ji Alhaji da ƙaramar murya. Sai ya farga. "Amma ranka ya daɗe, simintin ma ai yana da nasa amfani. Ni ba cewa na yi ba shi da kyau ba. A ƙarƙashin wannan ɗin ma akwai..."

Bature ya ɗaga hannu. "Kada ka ƙaryata kanka saboda ni. Irin su Bawa suna da yawa, su za su sayar mana da kaya. Irinka kuwa sun kusa ƙarewa." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa, waɗanda suka ƙara ja da makuba. "Abu ɗaya nake roƙo. Ka cire tabarmin nan. Abu mai kyau ba a ɓoye shi."

Alhaji ya raka shi har mota. Ya tsaya ya ga motar ta juya ta bi hanyar da kowa ya san inda ta nufa, gajeren tafiya ce, ga benen can ana hango shi. Elkana ya fara wata magana a kan kuɗin aikinsa da kuma hularsa, ya dubi fuskar Alhaji, ya tuna yana da uzuri a kasuwa.

Da ya koma baya ya tarar an riga an naɗe tabarmi da darduma an jingine su a katanga. Salmatu da wata maƙwabciya suna bakin ful da bokitai suna ɗiban ruwan wanki. Hajo tana tsaye a tsakiyar daɓen ba takalmi, da babban faifai cike da yankakkiyar kuɓewa a hannu.

"Ya yaba?" in ji ta.

"Ya yaba."

"Na ji. Har da kuka." Ta ɗebi kuɓewa ta watsa. "Na ji kuma an ce haya anka ɗauko mu. Sarai za ta so ta san nawa ne, don ba ta ga ko kwabo ba."

Ta sake watsa kuɓewa.

"Ba komi. Da na bar ka da shafe, da mi zai yaba?" Ta nuna da haɓa. "Ɗauke kujerar can taka. Ta huda mini daɓe."

An kwashe sauran kujerun, saura wadda ya zauna a kai. Ƙafafunta huɗu sun huda leda sun lume cikin daɓen, an yanke ledar an zare ta an bar kujerar a tsaye. Alhaji ya kama ta ya ja. Ba ta motsa ba. Ya tattare riga ya sa hannu biyu ya sake ja, har hularsa ta faɗi. Kankaren da ya ƙi kamawa tun ran Alhamis ya zaɓi wannan wuri ya fara.

Hajo ta ɗan jira, ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ta ci gaba da shanyarta. Ta bi gefen ramin tana watsawa, ta zagaye kujerar ta hagu, ta zagaye ta ta dama, har kuɓewa ta rufe ko'ina, ba wurin sa ƙafa. Daga can wajen bene aka ji an danna odar mota, sannan hayaniyar mutane masu yi wa wani barka.

Alhaji ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya duba hanyar fita bai ga ta inda zai bi ba tare da ya taka shanyar mahaifiyarsa ba. Sai ya zauna.

"Tun da kana nan," in ji Hajo tana shiga gida, "ka kore mini awaki."